Binciken Gayya: Yadda Ake Binciken Lafiya Tare da Jama'a Ba Tare da an Ci Amanarsu Ba

Duk wanda ya zauna a ƙauye ya san irin baƙin nan. Su zo da farar mota da tulin takardun tambayoyi, su kwashi gaisuwa wurin mai gari, su bi gida gida: 'ya'yanki nawa, nawa suka rasu, a ina kika haihu, wa ya yanke cibiya. Kafin la'asar sun cika takardunsu sun kama hanya. Abin da suka rubuta ya je ya zama rahoto a Abuja ko Landan, ƙauyen kuwa yana nan yadda suka same shi, matan da suka amsa tambayoyin ba su ƙara jin ɗuriyar maganarsu ba.

Akwai salon binciken da aka ƙirƙiro domin maganin wannan. A cikinsa, mutanen da ciwon ya dama su ke zaɓen abin da za a bincika, su tattara bayani, su zauna su tace shi, su yanke abin da za a yi, su yi shi, sannan su dawo su duba ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Malamin jami'a ko ma'aikacin lafiya yana ciki, amma ɗaya ne daga cikin masu aiki. Zan kira shi binciken gayya, domin kamarsa ɗaya da aikin gayya: kowa ya zo da fartanyarsa, gonar kuwa ta masu gari ce. Na rubuta wannan jagora ne saboda ɗalibin da ke shirin aikin digiri, da ma'aikaciyar ƙaramin asibitin karkara, da ma'aikacin ƙungiya da aka ce ya je ya "haɗa kai da al'umma" ba a gaya masa ta yaya ba. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, haɗarin wannan bincike daga kusanci yake fitowa, kamar yadda alherinsa ma daga can yake. Mai takardar tambayoyi baƙo ne, in ya tafi ya tafi da sirrin. A binciken gayya wadda ta ji sirrinki maƙwabciyarki ce, gobe da safe za ku haɗu a bakin rijiya.

Tarihinsa ba mai tsawo ba ne. Kurt Lewin, Bajamushen da ya yi hijira zuwa Amurka, shi ya fito da tunanin haɗa bincike da aiki a wani rubutu nasa na 1946: a tsara, a aikata, a duba sakamako, a sake tsarawa. Paulo Freire na Birazil, wanda ya yi aikin yaƙi da jahilci a tsakanin talakawan ƙasarsa, ya ƙara da cewa talaka yana da ilimin halin da yake ciki, abin da ya rasa shi ne filin faɗa. Orlando Fals Borda na Kwalambiya ya gwada hanyar tare da manoma, aka kuma yi babban taro a kanta a birnin Kartahena a 1977. Shekara guda bayan haka taron duniya kan kiwon lafiya da aka yi a Alma-Ata a 1978 ya rubuta cewa jama'a suna da haƙƙi, kuma wajibi ne a kansu, su shiga cikin tsara kiwon lafiyarsu. Bahaushe ya riga su da cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da aka gani a Nepal da Indiya

Kada wani ya ɗauka zancen daɗin baki ne kawai. An auna shi da ma'aunin da ake auna magunguna. A gundumar Makwanpur ta ƙasar Nepal, aka ɗauki yankuna 24, aka kafa ƙungiyoyin mata a 12, aka bar 12 domin kwatanci. Kowace mai jagoranci mace ce 'yar yankin, ba likita ba, ba ungozomar asibiti ba, tana zagaya ƙungiyoyi tara sau ɗaya a wata. Matan suka zauna suka lissafa abin da ke kashe masu jego da jarirai, suka ƙirƙiro nasu dabarun: asusun ko-ta-kwana, makara ta ɗaukar mai naƙuda daga kan duwatsu zuwa asibiti, ƙunshin kayan haihuwa masu tsabta. Da aka buga sakamakon a mujallar Lancet a 2004, jariran da ke mutuwa kafin su cika kwana 28 sun kasance 26 cikin kowane 1,000 a inda ake da ƙungiyoyi, 37 a inda babu. Ragin kashi 30 cikin 100 ke nan, ba da sabon magani ba. A jihohin Jharkhand da Orissa na Indiya ƙungiyar Ekjut ta maimaita aikin da ƙungiyoyin mata 244, aka sami ragin kashi 32 cikin 100, aka buga a 2010.

Ba ko'ina ya ci ba. Gwajin farko na Bangaladash bai rage mace-mace ba, haka na unguwannin marasa galihu a Mumbai. A Bangaladash ƙungiyoyin sun yi wa yawan jama'a kaɗan. Da aka ninka su aka sake gwadawa, mutuwar jarirai ta ragu da kashi 38 cikin 100. Nazarin da ya haɗa gwaje-gwaje bakwai a 2013 ya nuna inda gizo ke saƙar: inda aƙalla kashi 30 cikin 100 na masu ciki suka halarci zaman da kansu, mutuwar jarirai ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi amfani da wannan hanya a karkarar da asibiti ya yi wa nisa. Tsarin waɗannan ƙungiyoyi zan bi a nan, ko da yake ana iya yin sa a kan tamowa, ko tarin fuka, ko ruwan sha, ko shaye-shayen matasa.

Kafin ka shiga gari

Fara da kwamitin ɗa'ar bincike. A Nijeriya akwai na ƙasa, da kundin ƙa'idoji na 2007, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ƙarfafa shi. Asibitocin koyarwa da ma'aikatun lafiya na jihohi suna da nasu kwamitocin. Za ka ci karo da matsala a nan. Kwamiti ya saba a kawo masa tambayoyi a rubuce tun daga farko har ƙarshe, kai kuwa ba ka san tambayoyin ba tukuna, domin jama'a ne za su fitar da su. Kada wannan ya sa ka ƙirƙiro tambayoyin boge don takarda ta wuce. Rubuta musu hanyar da za ka bi: su wa za a gayyata, yaya za a nemi yardarsu, ina za a ajiye bayanai, me za a yi in an ji abin tashin hankali. Ka nemi a amince da aikin zango zango, kana dawowa da ƙarin bayani duk lokacin da ƙungiya ta yanke sabon abu.

Sai gaisuwa. Hakimi, dagaci, mai unguwa, liman, kwamitin raya mazaɓa, mai kula da ƙaramin asibiti, ungozomomi da wanzamai. Wannan ba ɓata lokaci ba ne, kuma wanda ya tsallake su zai sha mamaki. Ka je ba takarda a hannu, ka zauna, ka saurara. Wani ya riga ka zuwa garin nan, kuma sawunsa za ka taka, mai kyau ne ko mummuna.

A ƙasar Hausa wannan sawu yana da suna. A 1996, lokacin annobar sankarau da ta kashe sama da mutum dubu goma a Nijeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa ya bi ƙa'ida, cutar ce ta yi kisan. Iyaye suka ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba. Shari'a ta ja har 2009, aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Da aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa a 2003, labarin Trovan yana cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, Kano kuwa ba ta koma ba sai Yulin 2004. Saboda haka in dattijo ya tambaye ka wa ya aiko ka, wa ya ba da kuɗin, me za ka yi da sunayen, kada ka ɗauke shi jahili. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Amsa masa dalla-dalla, har sunan mai ba da kuɗin da abin da shi ma yake nema.

Wa ake nufi da al'umma

Nan ne masu bincike da yawa suke yaudarar kansu. Ka ce wa mai gari kana son mata ashirin, gobe ka tarar da su a zaure: matansa, matan ƙannensa, shugabar mata ta jam'iyya, da tsofaffi biyu masu baki. Duk mutanen kirki ne, amma babu mai ciki ko ɗaya. Amaryar da ke cikin kulle da cikin fari, wadda ita ce jijjiga ta fi barazana ga ranta, tana gida. Matan rugar Fulani da ke bayan gari ba a aika musu ba. Mai yoyon fitsari ta daina shiga mutane tun bara. Gurguwa ba ta da mai kawo ta. Ka tuna da kashi 30 ɗin nan: in masu ciwon ba sa cikin ɗakin, aikin bai fara ba.

Magani shi ne ka sa jama'a su zana taswirar garinsu a ƙasa, da tsinke da duwatsu da toka, gida gida, sannan a tambaya: cikin gidajen nan wanne ne ba shi da kowa a zaman nan? Ka kai zaman inda matan za su iya zuwa, cikin gidan da mazaje suka yarda da shi, a lokacin da ba na girki ba, ba ranar kasuwa ba, ba tsakiyar damina ba. Ka raba zama in akwai buƙata. Yarinya ba za ta yi maganar jinin haihuwa a gaban uwar mijinta ba, kunya da kara ba za su bar ta ba, kuma shirunta ba yarda ba ne. Maza su sami nasu zaman, domin kuɗin mota da izinin fita a hannunsu suke. Mai jagoranci kuwa a zaɓo ta daga cikin garin, mai haƙuri, mai riƙon sirri, wadda ta fi iya tambaya a kan iya wa'azi. Ilimin boko ba shi ne sharaɗi na farko ba.

Zango huɗu

Zango na farko gano matsala ne, kuma shi ya fi cin lokaci. Kada ka zo da lacca. A Indiya sun yi amfani da katunan hoto da labarai da wasanni, kuma hanya ce mai kyau ga waɗanda ba sa karatu. Mai jagoranci ta nuna hoton mace mai zubar jini, ta tambaya: me kuke kiran wannan, kun taɓa gani, me ake yi in ya faru? A bar su su kira cuta da sunan da suka san ta. In an tara matsaloli, a jera katunan a ƙasa, a ba kowace mace tsakuwa, ta ɗora a kan wadda ta fi damunta. Ta haka marar baki ma ta yi magana. Abin da tsakuwa ta zaɓa shi za a bi, ko da ba shi ka so ba. Kai ka zo da zancen awon ciki, su suka ce zazzaɓin cizon sauro ko rashin mota da dare. In ka murɗe zaɓin ya koma naka, ka koma mai takardar tambayoyi, sai dai ka fi shi ɓata wa mutane lokaci.

Daga nan sai tono saiwa. A ɗauki labari guda, wanda aka ƙaga daga abin da aka saba gani, ba labarin wata sananniya a garin ba: mace ta yi doguwar naƙuda ta rasu a hanya. Me ya sa? An makara wajen fita. Me ya sa aka makara? Maigida yana kasuwar wani gari, babu mai ba da izini. Me ya sa babu? Ba a taɓa yin maganar ba tun tana da ciki. Haka za a yi ta bi har a kai ga abin da hannu zai iya kamawa. Masana sun kasa irin wannan jinkiri gida uku tun 1994: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Matan za su fito da ukun da kansu in an ba su fili.

Zango na biyu tsara abin yi. Wa zai yi, yaushe, da me. Adashi ya zama asusun haihuwa. A yi magana da direbobin tasha a sami lambobin waɗanda za su tashi da dare. Magidanta su bar izini tun da wuri. Zango na uku a kira taron gari a faɗa wa kowa, a shiga aiki. Na huɗu a zauna a duba: mata nawa asusun ya kai asibiti, sau nawa aka kira direba bai zo ba, me za a gyara. Sai a sake zagayowa. Ƙungiyoyin Indiya sun yi zama 20, wata wata. Wanda ya ce maka zai gama binciken gayya cikin mako biyu, wani abu dabam yake yi.

Yarda

Izinin mai gari ƙofa ce ya buɗe maka, bai yarda a madadin kowa ba. Izinin miji ma haka: a nema, domin in babu shi matar ce za ta sha wahala, amma bayan ya ce to, ita ma a tambaye ta ita kaɗai, a inda za ta iya cewa a'a ba wanda ya ji. Wannan shi ne wuri mafi wuya a aikin. A garin da mai gari ya riga ya sa albarka, liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a, maƙwabta duk sun shiga, ƙin shiga yana da nauyi. Dole kai ka sauƙaƙa shi. Faɗa a fili, ka kuma maimaita, cewa wadda ba ta zo ba ba za ta rasa komai a asibiti ba, ba kuma za a kai sunanta ko'ina ba. In mai neman yardar ita ce ma'aikaciyar da ke ba su magani, a canja ta da wata, domin ba mai son ya ɓata da wanda ke riƙe da allurarsa.

Takardar yarda a rubuta ta da Hausar da ake ji, da boko da ajami in ana buƙata, a karanta wa mutum, sannan a ce ya maimaita da bakinsa abin da ya fahimta. Dangwala yatsa a takardar da ba a gane ba ba yarda ba ce, mutane da yawa ma tsoron dangwalawar suke yi, sun sha ganin an yi amfani da ita an cuce su. Kwamitin ɗa'a yana iya amincewa da yarda ta baki a gaban shaida in ka nema tun farko. Ka tambaye shi kuma hukuncin matar aure da ba ta kai shekara 18 ba, kada ka yanke wannan kai kaɗai a bakin zaure. Tunda aikin yana sauya kama, yardar ma sabunta ta ake yi. Wadda ta yarda a yi hira a kan shayarwa ba ta yarda a yi hira a kan tazarar haihuwa ba, sai an sake tambayarta.

Sirri a garin da kowa ya san kowa

Kada ka yi alkawarin da ba naka ba ne. Kana iya kulle takardunka da kwamfutarka, amma ba ka iya kulle bakin mata goma sha biyar. Gaya musu haka tun zaman farko. A yi yarjejeniya cewa abin da aka faɗa a nan amana ce, a kuma koya wa kowa ya ce "akwai wata mata" maimakon kama suna. Abin da ya shafi duka a gidan aure, ko ɓari, ko ƙanjamau, ko taɓin hankali bayan haihuwa, ba na zaman taro ba ne. Wadda ke son magana a keɓe da ita. Magana zarar bunu ce, kuma a ƙauye tana iya kashe aure.

Cire suna daga rahoto bai isa ba. In ka rubuta "wata ungozoma mai shekara sittin a gari kaza", kuma ita kaɗai ce ungozoma a garin, ka kama sunanta ke nan. Gari ma yana da mutunci. Rahoton da ya ce ƙauye kaza ya fi ko'ina yawan wata cutar da ake ƙyama yana iya hana 'yan matansa aure shekara da shekaru. Jama'a su yanke ko a ambaci sunan garinsu ko a sakaya.

Hoto ya fi komai saurin cuta. Akwai dabarar ba mutane kyamara su ɗauki rayuwarsu, wadda Caroline Wang da Mary Ann Burris suka fara da matan karkara a lardin Yunnan na ƙasar Sin a farkon shekarun 1990, kuma tana da amfani ƙwarai. Amma yau kyamarar waya ce, hoton yaro mai tamowa kuwa minti ɗaya ya ishe shi ya shiga WhatsApp da Facebook, ba kuma zai dawo ba. Duk wanda fuskarsa ta fito a nemi yardarsa, yaro a nemi ta iyayensa, a kuma faɗi inda hoton zai je. Dokar kare bayanan mutane ta Nijeriya ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu.

Ka shirya wa abin da za ka ji. Wata rana mace za ta faɗi abin da ba a iya shiru a kansa: yarinya da ake lalatawa, ko mai ciki da ƙafafunta suka kumbura tana ciwon kai mai tsanani. Tun kafin zaman farko ka san asibitin da za ka tura, da wanda za ka kira, da kuɗin motar. Ka kuma gaya wa mahalarta iyakar sirrin, cewa in rai yana cikin haɗari za ka nemi taimako. Mai jagoranci ita ma a kula da ita. Kai za ka koma birni, ita za ta kwana a garin da ta taɓo maganar da wasu ba sa so, ita za a kira 'yar koren Turawa. Kada a sa ta gaba a rikicin da ba za ka tsaya mata ba.

Kuɗi, alkawari, da nauyin hukuma

Lokacin talaka dukiya ne. Matar da ta bar ƙuli-ƙulinta ta zo zama ta yi asarar cinikin yini. Masu jagoranci da masu tattara bayani aiki suke yi, a biya su haƙƙinsu, kada a fake da sunan sa kai alhali ma'aikatan birni suna karɓar alawus. Mahalarta kuwa a mayar musu da abin da suka kashe, amma kada kuɗin ya yi yawan da mai yunwa ba zai iya cewa a'a ba, kada kuma ya zama shi ne dalilin zuwa, domin ran da ya tsaya zaman ya watse. A yanke adadin tare da jama'a, a faɗe shi a bainar kowa.

Zuwanka kaɗai alkawari ne a idon mutane. Sun ga mota, sun ga baƙi, sun fara hango rijiyar burtsatse da asibiti. Faɗi abin da ba za ka iya ba tun ranar farko, ko da fuskoki za su canja. Wani abu kuma da ke damuna: kada gayya ta zama hanyar sauke wa hukuma nauyinta. Adashin mata yana iya kai mai naƙuda asibiti, ba ya iya sa jini a ma'ajiya ko ungozoma a bakin aiki da tsakar dare. In an zaburar da mata suka tafi asibiti suka tarar da shi a kulle, an ƙara musu wahala ne. A gwajin Nepal an inganta asibitoci a duka ɓangarorin, har da yankunan da ba a kafa ƙungiyoyi ba, kuma haka ya dace. Sa jami'an lafiya na ƙaramar hukuma cikin aikin tun farko, ka kuma taimaka wa jama'a su kai kukansu da hujjar da suka tattara da hannunsu.

Bayanan na wa ne

Ƙabilar Havasupai ta jihar Arizona a Amurka ta ba masu bincike na jami'ar jihar jininta daga 1990, a kan za a binciki ciwon suga da ya addabe su. Daga baya suka gano an yi amfani da jinin wajen binciken taɓin hankali, da auren dangi, da asalin ƙabilar, abin da ya ci karo da tarihin da suka gada. Suka kai ƙara. A 2010 aka biya su dala 700,000, aka mayar musu da jininsu. Mutanen San na Afirka ta Kudu, da suka gaji da masu bincike, sun rubuta nasu ƙa'idojin a 2017, duk mai son aiki da su sai ya bi. Sanarwar Helsinki ma, wadda likitocin duniya suka fara fitarwa a 1964, an sabunta ta a 2024 ta nemi a riƙa shigar da al'umma kafin bincike, da lokacinsa, da bayansa.

Saboda haka a rubuta yarjejeniya tun ran gini: wa ke riƙe da bayanan, me za a yi da su, me ba za a yi ba, sunan wa zai fito a rahoto. Waɗanda suka yi aikin tattarawa da tacewa sun cancanci a ambace su in suna so. In jama'a suka ƙi wani abu da ka gano, a zauna a tattauna yadda za a faɗe shi ba tare da tozarci ba. Ba za ka ɓoye gaskiyar da ta shafi rai ba, ba kuma za ka buga abin da ba su gani ba. In aka saɓa a fassara, a rubuta fahimtar kowane ɓangare.

Fita daga gari ma tsara ta ake yi. Kuɗin aiki yana ƙarewa, digiri yana kammala, amma asusun da aka kafa da matan da aka saba da su suna nan. Wata shida kafin ka tafi a san wa zai riƙe littafin asusu, wa zai kira zama, wane jami'i ne zai riƙa leƙowa. Kafin ka aika rahotonka ko'ina, koma garin da shi, ka tara waɗanda suka ba ka lokacinsu, ka karanta musu da Hausa, ka bar musu kwafi a hannu. Sa ranar wannan komawa da kuɗinta a cikin kasafinka tun yau, kafin ka je gaida mai gari.